Darasi na 9: Guntayen Umarnin da Ke Tsaron Batirin Sola

Duk wanda ya taɓa tsayawa a gaban inbata ko kwantirolar cajin sola ya san lambar nan da ke bayyana a fuskarta, mai nuna abin da ya rage a batir: kashi 78, ko kashi 45, ko sanduna uku cikin huɗu. Yawancin mutane suna ɗaukarta tamkar awo ne na kai tsaye. Alhali kuwa babu wata waya a cikin akwatin da ke auna kashi. Abu uku kaɗai na'urar ke iya aunawa: bolteji, da amfiyar da ke shiga ko fita, da zafi. Duk sauran lissafi ne, kuma wani mutum ne ya zauna ya rubuta yadda za a yi shi.

Wannan lissafi yana gudana ne a cikin wani ƙaramin cif da bai kai faɗin farce ba. Manhajar da ke cikinsa ba dunƙulalliya ɗaya ba ce. An rarraba ta zuwa guntayen umarni, kowanne da aikinsa guda: wani yana mayar da karatu zuwa bolt, wani yana tace shi, wani yana riƙe lokaci, wani yana duba ko an ƙetare iyaka. Babban tsarin yana kiran su sau da yawa a cikin daƙiƙa ɗaya. Su ne darasinmu na yau. Ba kowa a ajin nan ne zai rubuta manhaja ba, amma kowa zai saita kwantirola, zai kuma tsaya gaban mai gida yana yi masa bayanin dalilin da ya sa wuta ta ɗauke da ƙarfe biyu na dare alhali na'ura ta nuna batir a cike da magariba. Wanda ya san yadda lambar ke fitowa, shi ne zai san ranar da zai yarda da ita da ranar da zai ɗauko mitarsa.

Za mu ɗauki misali da cif ɗin ATmega328P, wanda ke kan allon koyo na Arduino Uno, domin yana da sauƙin samu kuma an san halinsa sarai. Na'urorin kasuwa sukan yi amfani da cif da ya fi shi ƙarfi, sai dai tarkunan iri ɗaya ne.

Daga waya zuwa lamba

Cif ɗin ba ya ganin bolt. Yana da wani sashe da ke mayar da bolteji zuwa lamba daga 0 zuwa 1023, inda 0 ke nufin babu komai, 1023 kuma bolt 5. Batirinmu kuwa na bolt 12 ne, a lokacin caji ma yakan haura 14. Idan aka haɗa shi kai tsaye, cif ya ƙone. Saboda haka ake jera rizista biyu, alal misali mai om 30,000 da mai om 10,000, a ɗauki karatu a tsakaninsu, sai kashi ɗaya cikin huɗu na boltejin ne kawai ya isa ga cif. Da wannan dabara, 1023 ta zama bolt 20, kowane taki ɗaya na lamba kuma ya zama kusan milibolt 20.

Guntun umarni na farko shi ne mai mayar da lambar zuwa milibolt. A harshen C, ga yadda ake rubuta zuciyarsa:

milibolt = (long)karatu * 20000 / 1023;

Idan karatu ya nuna 645, sai a ninka shi da 20,000 ya ba da 12,900,000, a raba da 1023, a sami 12,609, wato kusan bolt 12.6. Layi ɗaya ne, amma akwai ramuka biyu a cikinsa. Na farko, a wannan cif, gurbin lamba na yau da kullum ba ya ɗaukar abin da ya wuce 32,767. Miliyan 12 ba za ta shiga ba, kuma cif ba zai yi ƙorafi ba, zai dai zubar da abin da ya yi yawa ya ba ka wata lamba marar ma'ana. Kalmar long ɗin nan da ke gaban karatu ita ce ke umartarsa ya buɗe babban gurbi. Na biyu, da an fara rabawa kafin ninkawa, 645 a raba da 1023 zai ba da sifili, domin lissafin cikakkun lambobi ba ya riƙe ɓurɓushi. Batir lafiyayye sai ya bayyana a mace.

Akwai rami na uku da ba ya cikin rubutun, yana cikin zaton da aka yi. An ɗauka cewa ma'aunin cif bolt 5 ne cif-cif. Amma allon Uno, idan ba a canza masa tsari ba, da wutar da ke ciyar da shi yake gwada komai. A ce wutar ta sauka zuwa 4.8. Batirin da ke kan 12.1 zai bayyana a matsayin 12.6. Ku lura da nauyin wannan: a batirin ruwa da ya huta, 12.6 zuwa 12.7 na nufin a cike yake, 12.1 zuwa 12.2 kuma na nufin ya ci kusan rabi. Tazarar da ke tsakanin cikakken batir da wanda ya kusa ƙarewa duka ba ta kai bolt ɗaya ba. Don haka kuskuren da ake gani ƙarami ne a mita, babba ne a jikin batir. Magani shi ne gyaran awo: a auna batir da mita mai kyau, a kwatanta da abin da na'ura ta ce, a ajiye adadin gyara a ma'ajiyar cif domin guntun umarnin ya riƙa amfani da shi kullum. Kwantirololi da dama suna da wannan saiti a cikin jerin zaɓinsu, kuma ba kasafai ake waiwayarsa ba.

Karatu ɗaya kuma ba abin dogaro ba ne, saboda inbata tana jefa hayaniya a cikin wayoyi. Akan ɗauki karatu 16 a haɗa a raba, ko a ɗauki biyar a jera su daga ƙarami zuwa babba a zaɓi na tsakiya. Hanya ta biyu ta fi iya watsar da karatu ɗaya da ya yi tsalle.

Iyakar abin da bolteji zai gaya maka

Hanya mafi arha ta fitar da kashi ita ce jadawali: bolt kaza daidai yake da kashi kaza, abin da ya faɗo a tsakani kuma a ƙiyasta. Ƙananan kwantirololi masu araha da ita suke aiki. Matsalarta ita ce jadawalin yana da gaskiya ne kawai idan batir ya huta na wasu sa'o'i, babu caji babu lodi, batirin gida kuwa ba ya samun wannan hutu. Da rana farantin sola yana tura boltejin sama, na'ura ta ce ya cika tun hantsi. Da dare firij ya tashi, bolteji ya nutse, na'ura ta ce saura kwata. Firij ya tsaya, ta koma rabi. Batirin bai canza haka ba, lambar ce ke rawa.

A batirin lityum irin LiFePO4, wanda ya cika kasuwar sola yanzu, lamarin ya fi tsanani. An fara bayyana amfani da sinadarinsa a batir ne a ɗakin binciken John Goodenough a Jami'ar Texas ta Amurka, a shekarun 1996 da 1997. Kowane sel nasa na bolt 3.2 ne, ana cika shi a 3.65, ana tsayar da shi a wajen 2.5. Amma daga kusan kashi 20 zuwa kashi 80, boltejinsa kusan a miƙe yake, da ƙyar yake motsi. Wanda ya ce zai san abin da ya rage a irin wannan batir ta hanyar bolteji kaɗai, canki-canki yake yi.

Littafin shiga da fita

Hanyar da ta fi inganci ita ce ƙirga abin da ya shiga da abin da ya fita, kamar yadda mai shago ke rubuta kayan da aka sauke masa da waɗanda ya sayar, ya san abin da ya rage ba tare da ya shiga sito ba. Ana sa wani guntun ƙarfe mai suna shant a kan wayar negatif ta batir. Sanannen girmansa shi ne wanda ke ba da milibolt 50 idan amfiya 500 ta ratsa shi. Cif yana auna wannan ɗan bolteji, ko ya karɓa daga wani cif na musamman kamar INA226 na kamfanin Texas Instruments, ya san amfiyar da ke wucewa da inda ta nufa. Daga nan guntun umarni ya ninka amfiya da lokacin da ya shige, ya ƙara ko ya rage a jimilla. Amfiya 10 na tsawon awa 3 ta cinye Ah 30. A batir mai Ah 200, kashi 15 ke nan.

A nan ya kamata mu ɗan daɗe, domin a nan ne na'urori masu tsada ma suke ɓacewa. Babu ma'aunin da sifilinsa yake daidai ɗari bisa ɗari. A ce namu yana ganin amfiya 0.05 tana shiga alhali babu komai. Ba wanda zai kula da 0.05. Amma a awa 24 ta zama Ah 1.2, a kwana 30 ta zama Ah 36. Idan batirin mai Ah 100 ne, bayan wata guda na'urar tana ƙirga fiye da sulusin batir da babu shi. Mai gida yana ganin kashi 40, sai wuta ta ɗauke.

Mai shago yana maganin irin wannan ne da ƙidayar kaya lokaci-lokaci, manhaja ma haka. Tana jiran alamar da ba ta ƙarya: bolteji ya kai matakin cika, amfiyar caji ta ragu zuwa kashi 2 zuwa 4 cikin 100 na girman batir, kuma hakan ya ɗore na wasu mintuna. Idan sharuɗɗan uku suka cika, sai ta share tsohon lissafi ta rubuta 100. Wannan ne dalilin da ya sa tsarin da farantansa suka yi kaɗan, ko aka yi masa lodi fiye da kima, yake rikicewa a lissafi: batirin bai taɓa cika ba balle manhaja ta sami damar gyara littafinta. Haka kan faru a tsakiyar damina idan hadari ya jera kwanaki, da kuma lokacin hazo idan ƙura ta rufe faranti. Kafin ku yanke wa batir hukuncin lalacewa, ku ba shi cikakken caji sau ɗaya tukuna, ku ga ko lambar za ta dawo hayyacinta.

Sauran gyare-gyare uku. Batirin ruwa ba ya mayar da duk abin da aka zuba masa, wani kaso yana tafiya a zafi da iskar gas, don haka ana rage wani abu daga abin da ya shiga. Sannan girman da aka rubuta a jikinsa yana da sharaɗi. Ah 200 a ma'aunin awa 20 na nufin amfiya 10 na tsawon awa 20. Idan aka ja amfiya 40, ba zai kai awa 5 ba. Wani Bajamushe, Wilhelm Peukert, shi ya tsara lissafin wannan a 1897, kuma har yau ma'aunan batir masu kyau suna da gurbin saka adadinsa. Uwa uba, girman da aka shigar wa na'ura ranar haɗawa ba ya zama gaskiya har abada. Batirin da ya shekara uku yana aiki ba Ah 200 ba ne kuma, kuma idan ba a rage adadin a saiti ba, kashin da ake nunawa na batirin da ya shuɗe ne.

Yankewa da mayarwa

Aikin da ya fi kowanne muhimmanci shi ne raba lodi da batir kafin ya zurfafa. A ce an saita yankewa a 11.5. Da zarar an yanke lodi, bolteji yakan farfaɗo da kansa ya koma wajen 12. Idan umarnin ya ce a mayar da wuta da zarar an haura 11.5, to wuta za ta dawo, bolteji ya sake faɗuwa, a sake yankewa, haka dai rile zai yi ta ƙas-ƙas har bakinsa ya ƙone, kwamfuresar firij ma ta bi shi. Shi ya sa ake sa iyaka biyu masu nisa da juna: a yanke a 11.5, kada a mayar sai an kai 12.6, wato sai rana ta fito caji ya kama. Masu gida sukan matsa a sauko musu da lambar mayarwa domin wuta ta dawo da wuri. Ku yi musu bayani cikin natsuwa, kada ku biye musu.

Ana kuma sa jinkiri. Famfon burtsatse ko firij yana jan ninkin amfiyarsa a lokacin tashi, bolteji ya nutse na daƙiƙa ɗaya ko biyu. Umarni mai hankali ba ya yankewa sai faɗuwar ta ɗore. Banda gajeriyar haɗuwar waya, wadda ita dole a yanke nan take.

A batirin lityum, allon tsaron da ke cikinsa yana auna kowane sel daban. Jimillar sel huɗu tana iya nuna 13.9, abin da ba shi da laifi a ido, alhali uku suna 3.4 ɗaya yana 3.7. Don haka da sel mafi girma ake tsayar da caji, da mafi ƙanƙanta kuma ake tsayar da lodi, ba da matsakaici ba.

Zafi

Lambobin da ke jikin batirin ruwa an tsara su ne a kan digiri 25. A Kano ko Sakkwato ko Damagaram, watan Afrilu yakan haura digiri 40, ɗakin batir mai rufin kwano kuma ya fi waje. Batir mai zafi yana buƙatar ƙaramin boltejin caji: ana rage milibolt 3 zuwa 5 a kowane sel kan kowane digiri ɗaya. Mu ɗauki 4. Sel shida, digiri 15 na ƙari, ya ba da milibolt 360, sai 14.4 ta koma kusan 14.0. Idan ba a rage ba, ruwan batir zai riƙa ƙonewa da sauri, farantan cikinsa su ci. Ko da an yi komai daidai ma, zafi yana cin kwanan batirin ruwa: ƙarin digiri 8 zuwa 10 a kan 25 yana rage rayuwarsa da kusan rabi. Iska a ɗakin batir ba ado ba ce.

Ga wani tarko da ya kamata kowane mai rubuta manhaja ya riƙe. Ma'aunin zafi da aka fi amfani da shi turjiyarsa tana ƙaruwa idan an yi sanyi. Idan ɓera ya yanke wayarsa, cif zai ga turjiya marar iyaka, ya fassara ta da sanyi mai tsanani, ya ɗaga boltejin caji sama, a tsakiyar bazara. Layi biyu ne ke hana wannan: idan zafin da aka karanta ya fita daga abin da hankali zai ɗauka, a yi watsi da shi, a koma adadi mai aminci, a kunna alamar gargaɗi. Batirin lityum shi ba a yi masa wannan ragi da ƙari. Abin da ake yi masa shi ne hana caji idan ya yi zafi da yawa ko ya sauka ƙasa da digiri sifili. Kada kuma a bar masa saitin batirin ruwa, musamman cajin daidaita sel da ke haura bolt 15, domin iyakar sel huɗu 14.6 ce.

Agogo da ma'ajiya

Na'urar sola ba a kashe ta, shekara da shekaru tana kunne, kuma wannan yana tono kurakuran da gwajin kwana biyu ba zai nuna ba. Agogon Arduino yana ƙirga milisakan a gurbin da ke cika a 4,294,967,295, wato bayan kwana 49 da wasu sa'o'i, sai ya koma sifili. Umarnin da ya ce “jira har agogo ya wuce lokaci kaza” yana iya rikicewa a wannan gaɓa. Wanda ya ce “cire lokacin farawa daga na yanzu, ka duba tazarar” yana tsallakewa lafiya. Kada a ɗauka kuskuren 'yan koyo ne kawai. A 2015 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka ta fitar da umarni a kan jirgin Boeing 787, bayan an gano cewa na'urorin da ke sarrafa janaretocinsa za su iya kashe wutar jirgin idan suka yi kwana 248 a kunne ba yankewa, saboda wani gurbin ƙirge da ke cika. Matakin wucin gadi da aka ɗauka shi ne a riƙa kashe wutar jirgin ana kunnawa lokaci-lokaci, kafin a gyara manhajar.

Lissafin Ah kuma dole a adana shi a ma'ajiyar da ba ta mantuwa idan wuta ta yanke. Ta ATmega328P an ba ta tabbacin rubutu sau 100,000 a kowane gurbi. Mai rubutawa duk daƙiƙa zai cinye wannan cikin awa 28. Mai rubutawa sau ɗaya a awa zai wuce shekara 11.

Na ƙarshe shi ne mai gadi: wani agogo ne daban a cikin cif, wanda dole manhaja ta riƙa taɓa shi akai-akai. Idan ta maƙale ta daina, sai ya sake tayar da cif daga farko. Kuma idan ya tashi, ya fara da caji a kashe har sai ya tabbatar da karatunsa. Haka nan idan inbata tana karɓar bayani daga batir ta wayar CAN ko RS485, sai saƙo ya daina zuwa, bai kamata ta ci gaba da aiki da tsohon adadi kamar sabo ne ba.

Aikin aji

1. Da rizistocin da muka yi misali da su, cif ya karanta 620. Bolt nawa ke nan? Idan batirin ruwa ne da ya huta, kusan kashi nawa ya rage?

2. Batir mai Ah 150 a cike ya ɗauki lodin amfiya 6 daga ƙarfe 7 na yamma zuwa 12 na dare. Me manhaja za ta nuna? Idan tsufa ya mayar da ainihin girmansa Ah 90 ba a gyara saiti ba, kashi nawa ya rage a gaskiya?

3. Wata manhaja tana rubuta lissafinta a gurbi ɗaya na ma'ajiya duk minti 10. Shekara nawa za a yi kafin a kai rubutu 100,000?

4. Ku rabu uku-uku. Kowane rukuni ya auna batirin ɗakin koyo da mita a kan kawunansa, ya rubuta abin da ya gani tare da abin da kwantirola ta nuna. Ku kunna fanka da fitilu na minti 10, ku sake rubutawa. Ku kashe su, ku jira minti 30, ku rubuta karo na uku. Ku zo da takardun a zama na gaba, tare da lambobin yankewa da mayarwa da kuka tarar a saitin kwantirolar.